Sunan Wa Ke Cikin Littafin?

Yau daga Lamisula nake magana, a tsakiyar tsohon garin Yerwa, wato Maiduguri. Maganar kuma ta garin ce baki ɗaya, da masu mulkinsa, da masu kuɗinsa, da mu da muke kwana muna tashi a cikin lungunansa.

Duk wanda ya taka da ƙafa ya ratsa tsoffin unguwannin nan, ya bi ta wajen fadar Shehu ya gangara Gwange ko ya nufi Gamboru, in ya lura da kyau zai ga wani layi a jikin bangaye. Wani wuri iya gwiwa, wani wuri iya ƙirji, wani wurin ya haura tagar ɗaki. An shafe wasu da fenti, wasu an yi musu sabon yaɓe, amma da yawa suna nan. Nan ne ruwa ya tsaya ranar Talata, 10 ga Satumba, 2024, bayan madatsar Alau ta ɓalle cikin dare. Ruwan bai bar kowa ba. Ya shiga fadar Mai Martaba Shehu, ya shiga asibitin koyarwa na jami'a, ya shiga kasuwar Monday Market, ya halaka yawancin dabbobin gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya karya katangar gidan yari har fursunoni fiye da 270 suka fice. A ƙiyasin hukumomin agaji, mutum kusan 400,000 ne suka bar gidajensu. Dattawa suka ce sun taɓa ganin irinsa a 1994. Shekara 30 cif ke nan tsakani, kuma daga madatsa ɗaya.

Abin da ya biyo baya, wallahi ba zan rage masa daraja ba. Samari suka shiga ruwa da kwale-kwale, sojoji suka shiga da manyan motoci suna kwaso mata da yara. Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakasi, aka mayar da makarantu masauki. Attajirai suka taso daga ko'ina: Alhaji Aliko Ɗangote, Alhaji Abdussamad Rabi'u, marigayi Alhaji Aminu Ɗantata, da namu na gida Alhaji Muhammadu Indimi, kowa ya zo da gudummawa mai nauyi. Jihohi suka aiko, ƙasashe suka aiko. Aka kafa kwamitin rabo, aka tara biliyoyin naira. Wanda ya ci tuwon wannan gudummawa a daren da ba shi da tukunya, ya san ba ƙaramin abu aka yi masa ba. Allah Ya saka wa duk wanda ya bayar.

To amma akwai wani dattijo tela da nake kai wa ɗinki shekara da shekaru. Mutumin Bama ne. Ya shigo Maiduguri a 2014, lokacin da garinsu ya faɗa hannun 'yan bindiga, da matarsa da 'ya'ya biyar da kan keken ɗinki ɗaya a ɗaure cikin zane. A hankali ya kama hayar shago, ya kama ɗaki biyu a bayan shagon, ya ƙara keke na biyu, ya ɗauki yara uku masu koyo. Da ruwa ya janye na je duba shi. Na same shi zaune a bakin ƙofa ya baje ƙarafunan keken a kan buhu, yana goge tsatsa da kananzir da tsohon buroshi. A gefe ga tulin shaddar mutane, wadda aka kawo masa ɗinkin biki, duk ta rine da laka.

Na ce, "Baba, sannu da wannan jarrabawa. An zo an rubuta sunanka kuwa?"

Ya ce, "An zo, ɗana. Sun tambayi gidan wane ne, aka faɗa musu. Sun duba bangon da ya faɗi, sun rubuta."

Na ce, "To kai fa?"

Ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Ni ai ba bango na rasa ba. Bangon na mai gida ne. Abin da ke cikin bangon na rasa."

Tun ranar wannan magana take yi mini yawo a kai. Ba na zargin masu rubuta sunan. Cikin taɓo suka yi aikin, jama'a dubbai na binsu, kuma na san 'yan haya da suka samu kamar yadda na san waɗanda ba su samu ba. Matsalar ta riga ruwan zuwa. Ranar da masifa ta sauka, ranar muka fara neman sanin su wane ne ke zaune a garin nan. Abin da ido ke gani shi ne gini, abin da hannu ke iya nunawa shi ne takarda. Mai gida yana da takardar fili, mai shago a kasuwa yana da takardar shago. Ɗan haya fa? Mai tebur a bakin hanya fa? Matar da ke haɗa turaren wuta da humra a cikin ɗakinta tana ciyar da marayu fa? Mai wankin hula, mai moya da ke tura kurar jarkoki tun asuba, mai cajin waya a cikin akwatin katako? Waɗannan su ne yawancin garin, kuma su ne ba sa cikin littafin kowa.

Mu tuna yadda garin nan ya tashi. A 1907 Shehu Garbai ya dawo da fadarsa nan Yerwa, kusa da inda Turawa suka kafa barikinsu. Abin da ya raya wurin bayan sarauta, ciniki ne. Shanu daga Chadi, kifi daga Baga, fata da gyaɗa da ƙaro, goro daga kudu. Jirgin ƙasa ya iso a 1964. Sunayen unguwanninmu kansu shaida ne: Hausari ta Hausawa, Fezzan ta mutanen da suka ƙetaro sahara daga Libiya. Baƙo ne yake zuwa da ƙullin kayansa, a ba shi masauki, bayan shekara goma ya zama ɗan gari, bayan shekara talatin ɗansa ya zama attajiri. Garin da ya fitar da irin su marigayi Alhaji Mai Deribe, da wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ya fitar da su.

Kuma ba a taɓa gwada faɗin wannan ƙofa ba kamar a 2014 da 2015. Gwoza ta faɗi, Bama ta faɗi, Dikwa da Gamboru Ngala da Baga su ma suka faɗi. Jama'a suka yi ta kwararowa a ƙafa. Duniya ta ga hotunan sansanoni, amma mu da ke nan mun san mafi yawan waɗanda suka gudo ba a sansani suka sauka ba. A gidajen mutane suka sauka. Magidanci mai ɗaki uku ya koma ɗaya da iyalinsa ya bar wa baƙi biyu. Zaure ya zama ɗakin kwana. Tukunyar mutum takwas ta koma ta mutum ashirin, miya ta tsinke amma ba a ce wa kowa ya tashi ba. A ganina, a tarihin garin nan ba a taɓa ba da gudummawar da ta kai wannan ba, kuma talakawa ne suka ba da ita, ba tare da an kira 'yan jarida ba. Da aka rufe sansanonin cikin gari daga 2021, wasu sun koma garuruwansu, wasu da yawa kuwa sun zauna. 'Ya'yansu a nan aka haife su, ba su san wani gari ba. Har yaushe za mu ci gaba da ce musu 'yan gudun hijira? Mutanen Maiduguri ne, kuma duk wani tsarin gari da bai ƙirga da su ba, da gurguwar ƙafa ya tashi.

Cikin shekara huɗu, sau uku ana buga garin nan da ƙasa. A Janairun 2021 aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, gari ya shiga duhu wata da watanni. Masu walda suka zauna, masu injin markaɗe suka ninka kuɗi, a azumin shekarar ƙanƙara ta zama kayan gabas. Sai a Maris na 2023 aka ƙaddamar da tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai megawat 50, wadda kamfanin mai na ƙasa ya gina. Kwanaki kaɗan kafin nan, ranar 26 ga Fabrairu, washegarin zaɓen shugaban ƙasa, gobara ta cinye kasuwar Monday Market. Gwamnati ta tallafa wa 'yan kasuwa, ta sake gina kasuwar. Ba a gama farfaɗowa ba ruwa ya shigo. A kowanne daga cikin ukun nan, mai ƙarfi ya ji jiki amma ya miƙe. Ya sayi janareto ko ya kafa sola, ya je Kano ko Legas aka ba shi kaya bashi saboda an san shi. Marar ƙarfi kuwa kowane bugu yana mayar da shi inda ya fara, wani lokacin ma ƙasa da nan. Haka tazara take buɗewa a gari ba tare da kowa ya yi niyyar zalunci ba.

Shi ya sa nake roƙon masu hannu da shuni na garin nan, da girmamawa, su dubi wani irin alheri wanda ba ya jiran masifa. Sun riga sun nuna suna iyawa. Gidauniyar Ɗangote ta gina gidaje 200 a nan domin matan da suka rasa mazajensu, aka miƙa su a 2018. Alhaji Indimi ya gina gidaje a Bama. Ga kuma misalin da ya fi kama zuciyata, wanda bai fara da biliyan ba. A 2007 lauya Zannah Mustapha ya buɗe makarantar marayu da yara 36. Da rikici ya yi zafi, ya riƙa karɓar 'ya'yan jami'an tsaron da aka kashe da 'ya'yan 'yan bindigar da aka kashe, ya zaunar da su a benci ɗaya, allo ɗaya, kwano ɗaya. A lokacin da aka rufe makarantu da dama, tasa ba ta rufe ba. Amanar da ya samu daga nan ce ta ba shi damar shiga tsakani har aka sako 'yan matan Chibok 21 a 2016, da wasu 82 a 2017, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Abin da ya gina yana buɗe ƙofa kowace safiya, ko akwai labari a rediyo ko babu.

Addininmu ya san wannan tun fil azal, sunansa wakafi. Da mutanen Madina suka shiga wahalar ruwa, Sayyidina Usman bai tsaya raba salka ba. Rijiyar Ruma ya saya sukutum ya bar wa jama'a. Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da wakafi da ke aiki a kan haka. Me zai hana attajirai goma na Yerwa su haɗa kai su tsayar da jerin shaguna, a ce kuɗin hayarsu har abada na gyaran rijiyoyin burtsatse ne a unguwannin da mai moya ya fi famfo yawa? Me zai hana ƙungiyoyin 'yan kasuwa, na Monday Market da Gamboru da Tashar Baga da Kasuwar Shanu, su kafa asusu ɗaya wanda mai tebur zai riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa duk mako, ranar da wuta ko ruwa ya ci jarinsa a ba shi abin tashi? Ba baƙon abu ba ne. Adashi ne aka faɗaɗa, kuma iyayenmu mata sun fi kowa sanin yadda ake riƙe shi. Abin da ya rage shi ne manya su sa nasu a ciki don ya yi kauri, a kuma samu amintattun da za su riƙe littafin.

Na san abin da wani Alhajin zai ce, domin an faɗa mini a gaban idona. Zai ce, "Malam, wannan ai aikin gwamnati ne, mu haraji muke biya." Gaskiyarsa, rabi. Amma wa ke sayen kayan da ke cikin sito? Buhun sukari ba ya sayar da kansa. Mai shayi ne ke saye, mai kunu, mai ɗan kanti a lungu. In waɗannan suka karye, dila ya karye, sai dai ya ɗan jinkirta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi wa naka.

Akwai wani gari a ƙasar Kolombiya, sunansa Medelin. Wajen 1990 yana cikin garuruwan da aka fi zubar da jini a duniya. 'Yan kasuwarsa suna da wata ƙungiya tun 1975 wadda ke zama da hukuma da jami'o'i a kan makomar garin, kuma kamfanin wuta da ruwa mallakar garin ne, yana zuba wani kaso na ribarsa a baitulmalin gari. Da suka tashi gyara, sai suka fara da unguwannin talakawa da ke kan duwatsu. A 2004 suka kai musu motocin da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe ta sama, daga baya suka gina musu ɗakunan karatu masu kyan gaske. Ba na cewa mu kwaikwayi igiyarsu, garinmu shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai. Inda suka fara, shi nake nuna mana.

Mu ma an yi mana aiki, kada a ce ban faɗa ba. Gadar sama ta Kwastam da aka buɗe a Disambar 2021 ta rage cunkoso ƙwarai. An gina manyan makarantu, an shimfiɗa tituna. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar Alau. Madalla, kuma wajibi ne mu zuba ido a kan wannan aiki har ƙarshensa, domin ruwan shan gari da noman shinkafar Jere duk a kansa suka dogara. Sai dai ko an gina Alau da ƙarfe, ruwan sama na awa biyu ya isa ya shiga ɗakunan mutane a wasu lungunan, saboda kwata ta cushe ko kuma babu ita sam. A nan kam laifin ba na sama kaɗai ba ne. Ledar ruwan da ke cikin kwatar, mu muka jefa. Sharar da ake juyewa a bakin kogin Ngadda da dare, daga gidajenmu ta fito. Na ga samarin wani layi sun fito ranar Asabar da shebur da baro, sun kwashe kwatarsu tas, suka tara dattin a bakin titi. Mako biyu ba motar da ta zo ɗauka, ruwan sama ya mayar da shi inda aka ciro shi. Asabar ta gaba ba wanda ya fito. Ƙarfin samari yana nan, motar hukuma tana nan, mai kuɗin da zai sayi man motar yana nan a layin. Abin da babu shi ne wanda zai haɗa su a rana ɗaya.

Haka maganar gidajen da ke kan hanyar ruwa. Dole a buɗe wa kogi hanyarsa, wannan ba gardama. Amma mutumin da ya yi gini a bakin kogi, yawanci ba son kallon ruwa ya kai shi ba, nan ne kawai kuɗinsa ya kai. In za a tashe shi, a nuna masa inda zai koma, wurin da Keke Napep ke zuwa, wurin da akwai makaranta da ruwa. In kuma gidan na haya ne, a tuna akwai iyali huɗu ko biyar a ciki waɗanda diyyar gini ba za ta taɓa isa hannunsu ba.

Wa ya san waɗannan iyalai? Bulama ya sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah Ya ba mu tsarin da garuruwa da yawa ba su da shi, daga Mai Martaba Shehu zuwa hakimai, zuwa su Lawan, zuwa su Bulama da ke zaune a cikin jama'a. Bulama ya san gidan da aka haihu jiya, ya san bazawarar da ke riƙe da yara shida, ya san baƙon da ya sauka. Amma ilimin yana cikin kansa, kuma shi ma mutum ne, yana mantuwa, yana da nasa. Ina ganin lokaci ya yi da kowace unguwa za ta mallaki littafinta, a rubuta shi cikin kwanciyar hankali tun babu abin rabo, domin ranar rabo ce ƙarya ke shiga. A rubuta mai gida, a rubuta ɗan haya, a rubuta sana'ar kowa. Liman ya shaida, fasto ya shaida a inda akwai coci, shugabar mata ta shaida, a karanta shi a bainar jama'a sau ɗaya a shekara don wanda aka tsallake ya ɗaga hannu. Haka kuma duk abin da aka kawo wa unguwa, daga gwamnati ne ko daga wani bawan Allah, a manna lissafinsa a ƙofar Bulama: nawa ya shigo, wa ya karɓa. Mai bayarwa zai ƙara sakin hannu in ya ga inda abinsa ya sauka, mai rabo na kirki kuma zai huta da zargi.

Sannan in manya za su zauna tsara garin, gwamnati da 'yan kasuwa da malaman jami'a da hukumar raya arewa maso gabas da hedikwatarta ke nan garin, a ajiye kujera ga shugaban masu Keke Napep, da ta mata masu ƙananan sana'o'i, da ta masu moya. Kada a kira su ranar buɗe aiki don su yi tafi. A kira su ranar da takarda take fara, kafin a ja layin farko. Mai tura kura zai gaya wa injiniya inda ruwa ke kwanciya a Bulabulin, ba tare da ya buɗe taswira ba.

Dattijon nan tela yana nan. Keke ɗaya ya tashi, ɗayan ya mutu. Shaddar mutane ya biya a hankali, wasu suka yafe masa. Daga cikin yaransa uku masu koyo, biyu ya sallama saboda babu keken da za su hau, ɗayansu yanzu yana tura kurar ruwa. Na tambaye shi nawa ne kan keke na hannu a kasuwa, ya faɗa mini, kuɗin bai kai abin da ake kashewa a kujerun biki ɗaya ba. Mu huɗu a layinmu muka yi magana za mu haɗa masa. Ranar Juma'a kuma, in an sauko daga masallaci, za mu je gaida Baba Bulama da littafi mai bango mai kauri da biro biyu, mu roƙe shi a fara da layinmu. Gida 40 ne ko 50, kwana uku sun isa.